Hawan Wani Dutse a Ƙasar Zazzau da Muhawarar da Muka Yi a Kansa

Duk wanda ya zauna a Zariya ya san dutsen Kufena, domin daga Wusasa ana ganinsa tsaye kamar a taɓa shi da hannu, kuma ya san Madarkaci da Tukur-Tukur, sannan idan ya taɓa bin hanyar Kaduna ya ga dutsen Dumbi daga gefen titi. Wanda ya karanci tarihi zai ƙara da Turunku, inda sarautar Zazzau take kafin a dawo da ita Zariya wajen shekarar 1536 a zamanin Bakwa Turunku. Amma bayan waɗannan sanannun akwai ƙananan duwatsu da yawa a warwatse cikin ƙasar Zazzau, waɗanda ba sa cikin littafi, ba su da suna a taswirar waya, kuma ba wanda ya san hanyar hawansu sai mutanen ƙauyen da ke gindinsu. Ɗaya daga cikinsu muka je a watan Disamba, cikin sanyin hunturu, kuma da gangan ba zan faɗi sunansa ba, ba zan kuma faɗi ko gabas yake da birni ko yamma ba.

Mu uku muka tashi daga Tudun Wada bayan sallar asuba. Akwai ni, akwai ɗan yayata da ke karatu a jami'ar birnin Tromso a arewacin ƙasar Norwe wanda ya zo gida hutu, sai kuma abokinsa na ƙuruciya, wani saurayi mai himma da ke ɗaukar hotuna da bidiyon wuraren tarihi na Arewa yana sakawa a Instagram da TikTok, kuma mabiyansa ba kaɗan ba ne. Mota ta sauke mu a wata kasuwar ƙauye, daga nan muka hau babura muka ratsa gonakin da aka riga aka girbe, karan dawa a tare gefe guda, shanun Fulani suna kiwo a cikin harawa. Hazo ya yi kauri a wannan safiya, har sai da muka kusa kai wa ga dutsen sannan muka gane cewa duhun da ke gabanmu ba gajimare ba ne.

Ba mu nufi dutsen kai tsaye ba. Mun fara zuwa ƙofar gidan dagaci, muka cire takalma, muka yi gaisuwa, na miƙa goron da muka zo da shi, na kuma faɗi wanda ya aiko mu, wato wani tsohon abokin aikina ɗan asalin garin. Dagacin ya tambaye mu abin da muke nema a kan dutse, na ce, "Ranka ya daɗe, gani kawai muka zo yi, ba mu zo ɗaukar komai ba." Ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallon kyamarar da ke rataye a wuyan saurayin nan, sannan ya aika aka kira wani dattijo, tsohon mafarauci, ya ce shi zai kai mu shi zai dawo da mu, kuma duk inda ya ce kada mu taka, kada mu taka.

Hawan ya fi yadda na zata wuya. Fuskar dutsen da ke kallon gari sumul take, ba inda ƙafa za ta kama, don haka Baba, wato tsohon mafaraucin, ya zagaya da mu ta baya, ta wata tsaga da itatuwan hano da ƙerana suka rufe bakinta, inda sai mutum ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin wani falalen dutse da ya jingina da ɗan'uwansa. A daidai nan ya tsayar da mu ya nuna wani rami a sama da kanmu, ya ce zuma ce a ciki, kada kowa ya yi magana da ƙarfi ko ya ɗaga hannu har sai mun wuce. Gaba kaɗan ya sa sandarsa ya bubbuga wata busasshiyar ciyawa kafin ya bar mu mu bi, ya ce kububuwa na son kwanciya a wurin idan rana ta fara zafi. Kazar dutse ta yi ta kuka a ƙasanmu, kuma mun ga remaye biyu sun shige cikin kogo da gudu.

A sama akwai fili mai faɗi wanda ba a ganinsa daga ƙasa. Abu na farko da ya ɗauki hankalina shi ne ramukan niƙa da ke jere a kan falalen, dogaye, masu santsi a ciki, wasu sun yi zurfin da tafin hannu zai shige har wuyan hannu. Na durƙusa na shafa ɗaya, na ji yadda dutse mai tauri irin wannan ya lotsa saboda hannuwan matan da suka shekara suna niƙa hatsi a kansa. Kusa da su ƙasa cike take da tsingaro, wasu da zanen igiya a jiki, wasu da bakin tukunya a cike, ga kuma baƙaƙen dunƙulen kashin tama a gindin wata tsohuwar kuka, alamar an taɓa narka ƙarfe a wurin. Akwai ragowar katangar duwatsu da aka jera ba tare da laka ba, wadda ta tare hanyar da muka hawo. A can ƙarshen filin kuma, a cikin wani kwarmi da inuwar dutse ke rufewa, akwai ruwa a kwance, mai sanyi, a cikin watan da rafukan ƙasa suka fara ƙafewa. Baba ya ce bai taɓa ganin ya ƙafe ba, kuma kakanninsu a nan suka zauna a zamanin yaƙe-yaƙe kafin su sauka su kafa garin da ke ƙasa.

A bakin wannan ruwa muka zauna muka ci ƙosai da burodin da muka taho da su, kuma a nan maganar ta tashi. Saurayin nan ya gama ɗaukar hotuna, ya duba wayarsa ya ga akwai sabis, sai ya ce zai saka bidiyon nan take tare da alamar wurin a taswira, domin duk mai so ya zo ya gani da idonsa. Ɗan yayata ya ce masa ya dakata tukuna, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, wannan ita ce gardamar da ake yi kullum a can inda nake, sai dai su a kan dusar ƙanƙara suke yin ta."

Ya bayyana mana cewa masu wasan zamiya a kan ƙanƙara iri biyu ne. Akwai masu zuwa wuraren da aka tanada, inda ake biyan kuɗi, injin ya ɗauki mutum zuwa sama, an daddale hanya, kuma akwai ma'aikatan ceto a kusa. Akwai kuma masu shiga tsaunukan daji, inda ba inji ba ma'aikaci, su hau da ƙafafunsu na tsawon sa'o'i domin saukowa ɗaya. Suna manna wata fata a ƙarƙashin katakon zamiyar, wadda ake yi da gashin akuya ko zaren roba, gashin a kwance ta fuska ɗaya, ta yadda katakon zai zame gaba amma ba zai koma baya ba. Idan sun kai ƙololuwa sai su ɓare fatar su gangaro. Abin da suke wahala dominsa shi ne sabuwar dusar da ba wanda ya taka, domin da zarar mutum goma sun bi ta gangare ɗaya, ya lalace sai wata ta sake zuba. Saboda haka duk wanda ya gano wani kwari mai kyau a tsaunukan Lingen, da ke gabas da Tromso, yakan riƙe shi a ransa, ya faɗa wa aboki ɗaya ko biyu da ya amince da su. Amma yanzu kusan kowa yana da agogo ko waya da ke zana duk inda ya taka, kuma manhajoji irin su Strava suna tattara waɗannan zane-zane su nuna su a taswira, ta yadda baƙon da bai taɓa zuwa ƙasar ba zai iya sauke hanyar ya bi ta washegari.

Ya ce abin da ya sa maganar ta wuce rowa shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara. Gangaren da ya fi daɗin zamiya, wato mai karkatar digiri 30 zuwa 45, shi ne kuma wanda ya fi zaftarewa. A tsaunukan Alps na Turai kaɗai kimanin mutum 100 ke mutuwa ta wannan hanya a kowace shekara. Wanda dusar ta binne, idan aka tono shi cikin minti 15 na farko, fiye da kashi 90 cikin 100 suna rayuwa, amma bayan minti 35 adadin yakan faɗo zuwa kusan kashi 30, shi ya sa kowa ke ɗaukar na'urar gano wanda aka binne, da doguwar sandar lalube, da shebur, domin abokan tafiya ne kaɗai za su iya isa da wuri. A watan Janairun 2019 mutum huɗu baƙi daga Finlan da Suwidin sun rasu a kwarin Tamok, ba nesa da inda yake zaune ba. Zanen hanya a waya, in ji shi, yana nuna inda wani ya bi ne a wata rana, ba ya nuna irin iskar da ta kaɗa a daren jiya ko ɓawon ƙanƙarar da ke kwance a ƙarƙashi, kuma gangaren da ya ɗauki mutum lafiya ranar Litinin yana iya kashe wani ranar Laraba.

Na tambaye shi ko ke nan mutanen can sun yanke cewa ɓoyewa ce daidai, ya ce a'a. Dokar ƙasar Norwe ta shekarar 1957 ta ba kowa 'yancin ratsa daji da tsauni, ko da mallakar wani ne, don haka mutane da yawa suna ganin ba wanda ke da ikon mayar da tsauni nasa ta hanyar yin shiru. Suna kuma cewa ɓoyewa tana fifita 'yan gari da masu uwa a gindin murhu a kan sababbin shiga da baƙi irinsa, waɗanda ba su da uba ko kawu da zai koya musu. Abin da ya fi burge shi shi ne cewa a kan batun haɗari ba su da sirri ko kaɗan. Hukuma tana fitar da hasashen zaftarewa kullum a kan ma'auni daga 1 zuwa 5, kuma akwai manhaja mai suna Regobs inda duk wanda ya ga tsagewa a jikin dusa ko ya ji ta nitse a ƙarƙashinsa yake rubutawa domin kowa ya gani. Mutumin da ba zai taɓa faɗa maka inda ya sami sabuwar dusa ba, shi ne zai fara sanar da duniya inda ya ga alamar haɗari.

Saurayin nan ya saurara har ƙarshe, sannan ya kawo tasa hujjar, kuma ba hujjar wasa ba ce. Ya ce, "Kawu, su suna da 'yan yawon buɗe ido har sun yi musu yawa, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Duk wanda ya bincika sunan jiharmu a intanet, labarin sace mutane zai fara gani. Idan ban nuna irin wannan wuri ba, wa zai nuna? Da mutane suna zuwa, da 'yan acaɓar garin nan sun samu, da matan da ke soya ƙosai sun samu, da Baba ma an biya shi ladan jagora." Sannan ya nuna wani dutse da ke can nesa cikin hazo, wanda gefensa guda ya yi fari fat, ya ce wancan ba hoto ne ya cinye shi ba, masu fasa dutse ne, kuma sun samu dama ne saboda ba wanda ya san da shi balle ya yi magana a kansa. Wannan magana ta shige ni, domin duk mai bin hanyoyin da ke kewaye da Zariya ya ga yadda ake cin duwatsu da nakiya ana loda tsakuwa a tifa, kuma gaskiya ne cewa abin da jama'a ba su sani ba, ba za su tsaya masa ba.

Ɗan yayata bai musa ba, amma ya ba shi misalin wani falalen dutse a kudancin Norwe mai suna Trolltunga, wanda kafin shekarar 2010 masu zuwansa a shekara ba su kai 800 ba, amma zuwa 2016 sun kai kimanin 80,000, galibi saboda hoto ɗaya da kowa ke son a ɗauke shi a tsaye a bakinsa. Tafiyar ta fi kilomita 20 zuwa da dawowa, kuma masu aikin ceto sun sha fita cikin dare neman waɗanda suka taho da takalmin gari. Ya ce a shekarar 2018 hukumar yawon buɗe ido ta yankin Jackson Hole a Amurka da kanta ta roƙi baƙi su daina saka ainihin alamar wuri a hotunansu, su rubuta sunan yankin kawai. A wannan shekarar ce kuma aka gano cewa taswirar Strava ta tona inda wasu sansanonin soja suke, saboda sojoji suna motsa jiki da agogonsu a kunne. Idan abu ya shiga taswira, in ji shi, ba mai iya zaɓar wanda zai gani.

Duk wannan lokaci Baba yana zaune a gefe yana sassaƙa wani ƙaramin ice da wuƙarsa. Da na juya na ce, "Baba, kai me ka gani?" sai ya ce shi bai san ƙanƙara ba, amma ya san cewa shekarun baya wasu mutane sun zo da mota suna tambayar inda ake samun tsofaffin tukwane da gumakan yumɓu, suka yi wa samari alkawarin kuɗi, kuma dagacin wancan lokaci ne ya kore su. Ya ce ruwan nan da muke zaune a bakinsa shi tsuntsaye da zuma da namun dutse ke sha idan rani ya tsananta, kuma ledar ruwa guda ɗari ta isa ta kashe shi. Sannan ya rage murya ya ce akwai dalili na uku, wanda kowa ya sani a wannan zamani: dutse mai kogo, mai ruwa a sama, mai hanyar hawa ɗaya da ake iya tsarewa, ba masu yawon kallo kaɗai ke sha'awarsa ba.

Maganar gumakan ba ƙaramar magana ba ce a jihar Kaduna. A shekarun 1990 an yi wa wuraren tarihin Nok a kudancin jihar haƙar ɓarna, aka kwashe gumakan yumɓu masu shekaru fiye da 2,000 aka fitar da su kasuwannin Turai, har ta kai a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta saka su a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su ba tare da izini ba, amma doka ba ta kwana a kan dutse. Kuma asarar ba ta tsaya ga abin da aka ɗauke ba, domin mai haƙar sata yana birkita ƙasar da masana za su karanta su gane wane abu ya riga wane, ta yadda ko an dawo da gunkin, labarinsa ya riga ya tafi.

Ra'ayina, wanda na faɗa musu a can kuma nake kansa har yanzu, shi ne cewa tambayar ba ta tsakanin mu uku ba ce. A tsaunukan Norwe gardamar tana tsakanin masu wasa ne da 'yan'uwansu masu wasa, domin ba wanda ke zaune a kan gangaren. Wannan dutse kuwa yana da masu shi, kaburburan kakanninsu suna kai, kuma su ne za su kwana da duk abin da alamar taswira ta jawo bayan mu mun koma Zariya. Mun iso nan ne ta hannun abokin aikina, da dagaci, da Baba, kuma a kowane mataki an auna mu, an kuma koya mana wani abu: inda zuma take, inda maciji ke kwanciya, abin da ba a ɗauka. Da ɗan gari akan ci gari. Alamar taswira tana tsallake waɗannan mutane duka ta kai baƙo bakin tsagar ba tare da ko ɗaya daga cikin abin da suka sani ba. Amma na yarda da saurayin nan cewa shiru ɗungurungum ma ba kariya ba ne, don haka abin da ya kamata a yaɗa a yaɗa shi da ƙarfi: a nuna ramukan niƙan, a nuna katangar, a sanar da mutane cewa ƙasar Zazzau cike take da irin wannan gado kuma nakiya tana cin sa, sannan ainihin wurin a kai shi ga waɗanda za su iya rubuta shi a rajista su tsaya masa.

Saurayin bai gamsu gaba ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba, amma ya amince cewa ba zai saka komai ba sai mun sauka mun tambayi dagaci. Saukowar ta fi hawan cin gwiwa, rana ta take, falalen ya yi zafi, kuma sai da Baba ya riƙe hannuna a wurin da aka sunkuya. Da muka koma ƙofar gidan, aka kawo mana fura da nono, saurayin ya durƙusa ya nuna wa dagacin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Dagacin ya daɗe a kan hoton ramukan niƙan, ya ce rabonsa da hawa tun yana saurayi. Ya yarda a nuna ramukan da tsingaron da katangar, ya hana a nuna ruwan da bakin tsagar da duk hoton da garin ya fito a cikinsa, ya kuma ce kada a ambaci sunan garin ko na dutsen. Game da masu bincike kuwa ya ce ƙofarsa a buɗe take, in dai za su fara zuwa wurinsa, kuma shi zai sanar da hakimi.

Bayan mun dawo na kai hotunan ga wani malami a sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, na faɗa masa sunan garin baki da baki, ya rubuta a littafinsa, ya ce zai nemi zuwa da ɗalibansa kaɗan kafin damina ta rufe hanya. Bidiyon saurayin ya fita da taken da bai wuce "wani dutse a ƙasar Zazzau" ba, kuma tambayar da ta fi yawa a ƙarƙashinsa ita ce a ina ne. Yana amsa wa kowa cewa wanda yake so da gaske ya neme shi, za a tara mutum biyar ko shida, a aika wa dagaci tun da wuri, a biya Baba ladansa, kowa ya zo da takalmi mai kama dutse da jakar da zai dawo da shararsa, kuma a kashe alamar wuri a waya tun daga kasuwar da ake hawa babur.